Darasi: Yadda za ka zaɓi jakar goyo mara nauyi don tafiyar kwanaki a daji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar jakar goyo za mu yi, irin wadda mutum zai saɓa a baya ya yi kwana 3 ko 4 yana tafiya a ƙasa, yana hawa yana gangara, komai nasa yana ciki. Misalin da zan riƙa bayarwa shi ne hawan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a jihar Taraba daf da iyakar Kamaru. Wannan tafiyar kwanaki ce, akwai tsallake rafi, akwai sanyi da dare, kuma ba shago a hanya. Idan yawon yini ɗaya ne a duwatsun Shere na Jos to ko jakar makaranta ta isa, ba da kai muke ba yau.

Abu na farko, kuma don Allah ku riƙe shi da kyau, jaka ita ce ƙarshen abin da za ka saya. Mutane suna fara sayen jaka sannan su zo suna cusa kaya, to a'a. Tara kayanka tukuna a kan tabarma, tanti, jakar barci ko bargo, shimfiɗa, rigar sanyi, rigar ruwa, tocila, 'yar tukunya, magunguna, sallaya mara kauri, sai abinci irin su garin kwaki da ƙuli da dabino da kilishi, ka zuba su duka a buhu ka rataya a sikeli, ko na masu nama ne a kasuwa a roƙa a auna maka. Kar ka manta da ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce cif, to idan za ka riƙe lita 3 ka ƙara kilo 3 kenan a lissafi. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce kada kayan su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka, wato mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13 har da jakar kanta. Wannan lambar da sikeli ya ba ka ita ce za ta zaɓa maka jaka.

Girma kuma da lita ake faɗinsa, za ka gani a rubuce a jikinta, 35, 50, 65. Tafiyar kwana 3 zuwa 5 tsakanin lita 45 da 55 ta wadatar ga mai kaya madaidaita. Ni ba na son mutum ya sayi lita 70 wai don kar wuri ya ƙare, saboda duk wurin da ya rage sai ka cika shi da abin da ba ka buƙata, haka zuciya take.

To yanzu mu zo kan nauyin jakar ita kaɗai babu komai a ciki. Manyan nan masu kaurin soso da aljihu barkatai suna kai kilo 2 zuwa 2 da rabi. Waɗanda ake kira marasa nauyi suna wajen kilo 1 zuwa 1.3, kamar Exos ta kamfanin Osprey. Akwai kuma waɗanda ko kilo ɗaya ba su kai ba, an cire musu firam gaba ɗaya, buhu ne kawai da igiyoyi. A nan ne mutane suke ruɗuwa, suna ganin wadda ta fi rashin nauyi ita ce ta fi. Ku duba wannan da ke hannuna, bari in juyo bayanta ga kyamara, kun ga wannan siririn ƙarfen alminiyam da ya zagaye daga sama har ƙasa, shi ne firam, aikinsa ya ɗauke nauyin daga kafaɗa ya sauke shi a kan ƙugu. Jakar da ba ta da shi tana da daɗi ne kawai idan kayan ba su wuce kilo 9 ko 10 ba, da zarar sun wuce sai ta lanƙwashe a tsakiya ta rataya a kafaɗunka, kafin azahar wuya ya sage, hannu ya fara mutuwa. Mu kuma yawanci tantinmu da bargonmu na kasuwa ne masu nauyi, ba irin na Turai masu tsada ba, saboda haka shawarata ga mafi yawanku ku ɗauki mai firam, wannan rabin kilon da ta ƙara ya cancanci a ɗauke shi.

Kun ga yadda uwa take goya yaro ta ɗaure zani tamau, nauyin yaron ya zauna mata a kan ƙugu ta yi ta aikinta har yamma, to haka ake so jaka ta zauna. Bel ɗin ƙugu shi ne zai ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗuwa baya. Don haka ka matsa soson bel ɗin da yatsa, idan ya lotse kamar burodi bai dawo ba, ka ajiye ta.

Sai awon baya, wanda kusan ba mai yi, alhali shi ne ya fi komai. Tsawon mutum daban, tsawon bayansa daban, za ka ga dogo mai gajeren baya saboda ƙafafunsa ne dogaye. Ka samo tef ɗin tela da wanda zai taimaka maka. Sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka, akwai wani ƙashi da yake turowa daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa, nan ne farko. Sannan ka dafa ƙugu da hannu biyu a saman ƙashin, manyan yatsu suna kallon juna ta baya, layin da ke tsakaninsu shi ne ƙarshe. A auna daga can zuwa nan. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 da 53. Kowane kamfani yana da nasa jadawalin na S da M da L, wasu jakunkunan kuma ana iya matsar da bayansu sama ko ƙasa, irin waɗannan sun fi sauƙi ga wanda zai saya bai gwada ba. 'Yan uwa mata kuma akwai waɗanda aka ɗinka dominku, bayan ya fi gajarta, igiyar kafaɗa ta lanƙwasa ta kauce wa ƙirji, kamfanin Deuter suna sa wa nasu alamar SL.

Wajen gwaji kar ka yarda ka gwada ta wayam. Zuba mata kaya kamar kilo 10, ko gorunan ruwa ne, ka sassauta duk igiyoyin ka saɓa. Fara da bel, ya zauna a kan ƙashin ƙugu ba a kan ciki ba, ka ja. Sai igiyoyin kafaɗa, ja kaɗan har su kwanta, ba tamau ba. Sai waɗannan ƙananan guda biyu na sama, kun gan su nan kusa da kunne, su ne suke jawo saman jakar ya manne da bayanka, idan girman ya yi daidai za ka ga sun tashi a karkace kamar digiri 45. Na ƙirji shi ne ƙarshe. To yi tafiya, hau bene ka sauko, ka sunkuya, ka ɗaga kai sama ka ji ko ƙeyarka tana bugun jakar. Abin da ya ɗan dame ka a minti 10 a shago, a kan dutse ciwo ne sosai.

Yadin jakar ma a duba. Za ka ga lamba da harafin D, kamar 100D ko 210D ko 420D, kaurin zaren kenan. Dajinmu akwai ƙaya da kaifin dutse, to ƙasan jakar ya zama mai kauri, 210D zuwa sama, kuma wannan aljihun raga na waje yana da amfani wajen shanya rigar da ta jiƙe amma shi ne farkon abin da ƙaya take yagawa.

Da yawanmu gwanjo za mu nufa, Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, kuma wallahi ana dacewa da kaya masu kyau. Amma ka juya cikinta ka shinshina, idan tana wani wari mai tsami ko tana danƙo ko tana zubar da farin ɓawo, rufin da yake tare ruwa ne ya mutu, gyaransa da wuya. Ja kowane zif sau da yawa, ka ɗaura maɓallan roba ka ji sun yi ƙas, ka ja inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jiki da ƙarfi. Ɗinkin da ya warware mai gyaran takalmi zai kama maka, amma firam da ya karye ko soson da ya mutu kar ka saya ko da an yi maka ragi.

Maganar ruwan sama, yawancin jakunkuna ba sa hana ruwa shiga ta ɗinki, kuma yankin Gashaka da Mambila damina tana daɗewa, shi ya sa ake zuwa da rani wajen Disamba zuwa Maris. Duk da haka ka sa babbar leda mai kauri a ciki, ka zuba bargo da kayan sawa ka murɗe bakinta, ko a rafi ka zame kayan barcinka a bushe suke.

Wajen shiryawa bargo a ƙasa, abinci da ruwa da tukunya a tsakiya manne da gadon baya, rigar ruwa da tocila da magani a sama inda hannu zai kai da sauri. Kar ka rataya kaya suna reto a waje, suna jan mutum gefe a wajen gangara. Kafin ranar tafiya ka cika ta yadda za ka tafi da ita ka yi awa 2 kana zagaya unguwa, in akwai inda take gurzarka ka gyara tun kana gida. A darasi na gaba za mu duba takalmi da safa in Allah ya kai mu. Sai an jima.