Allon Ces Ya Ƙi Fitowa Daidai a Shafina, Ga Yadda Na Shawo Kansa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Nan Jamus ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota, amma na ce ba zan kwanta ba sai na nuna muku abin da ya ci mini kwana biyu. Bari in juyo da kyamara kan kwamfuta.

Masu bibiyata sun san ina haɗa shafin koyar da ces, wato darar Turawa, inda mai koyo zai ja doki ko sarauniya da yatsa ya ga abin da zai biyo baya. Da chessboard.js nake aiki, wato wata manhaja da ke zana allon ces a shafin intanet. To ku dubi yadda ya fara fito mini: gidaje 64 tsaf, amma babu ɗa ko ɗaya a kansu.

Na danna F12, maɓallin da ke buɗe wurin duba kurakuran shafi, sai ga jan rubutu reras, 404 har sau 12, wato alamar ba a samo fayil ba. Hotunan 'ya'yan ke nan, shida na farare, shida na baƙaƙe. Manhajar tana neman su ne a cikin img/chesspieces/wikipedia, ni kuwa na kwashe su na kai wata jaka daban. Na nuna mata sabuwar hanyar a pieceTheme, wato saitin da ke faɗa mata inda hotunan suke, goma sha ɗaya suka fito, farin sarki ya ƙi. Ku matso ku ga dalili. Sunan fayil ɗin wk.png na rubuta, alhali wK.png ake nema. A kwamfutata ya wuce lafiya, amma sabar Linux, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ba ta ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin abu guda.

Matsalar da ta fi ba ni wahala ita ce ta biyu. Darasi na uku yana ɓoye sai an danna maɓalli, kuma da an danna sai a tarar allon babu shi. Ashe allon yana auna faɗin akwatin da aka saka shi ne tun lokacin da shafi ke buɗewa, akwatin da ke ɓoye kuwa faɗinsa sifili ne. Maganin layi ɗaya ne, a kira resize(), umarnin da ke sa allon ya sake auna faɗin, bayan akwatin ya bayyana. Haka ma idan mutum ya karkatar da wayarsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, don yawancinku da waya kuke shiga, kuma allon da ya yanke rabi ba ya koya wa kowa komai. Shi ya sa na sa faɗin ya riƙa bin girman fuskar waya.

Sai FEN, rubutun da ke faɗa wa allo inda kowane ɗa yake. Daga layi na 8 yake farawa ya gangaro zuwa na 1, manyan haruffa na farare, ƙanana na baƙaƙen 'ya'ya, lamba kuma gidajen da ba kowa. Dole kowane layi ya cika takwas cif. Nawa ɗaya ya tashi tara, allon ya yi shiru bai ce uffan ba, sai da na kunna showErrors, saitin nuna kurakurai, ya tona mini inda kuskuren yake. Ku kunna shi tun farko, don Allah.

A darasin da baƙi ne zai taka, na mai da orientation, wato saitin ɓangaren da allon ke fuskanta, zuwa black, don mai koyo ya ga allon daga ɓangarensa.

Yanzu ga wayata. Na ja doki daga gidan g1 zuwa gidan f3, ya zauna daram. Na karkatar da ita, allon ya biyo. Saura yadda shafin ke zamewa idan ana jan ɗa da yatsa, wannan gobe da safe zan zauna a kansa in Allah ya kai mu.