Daga Nima zuwa tsibirin Dodi a jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Hayaniyar da kuke ji ta tashar Tudu ce a nan Akra. Yau Asabar na rufe shago, mun nufi tsibirin Dodi, can cikin tafkin Volta. Tare nake da Baba Alhaji, wanda nake haya a gidansa a unguwar Nima. Haifaffen Gana ne, amma kakansa Bakano ne da fataucin goro ya kawo.

Akra zuwa Akosombo kusan kilomita 100 ne. Hanya babu wani labari, in ban da gwaggon birin Shai Hills da suka yi zaman dirshan a bakin titi. Ga garin Atimpoku nan. Wancan ƙarfen mai lanƙwasa gadar Adomi ce, an buɗe ta a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai. Kafin direba ya taka birki mata sun yanyame mota da abolo, wata irin wainar masara da ake turarawa a ganye, ana haɗa ta da mitsi-mitsin soyayyen kifi da yaji. Ku saya a nan, shawara ce.

To, ga mu a cikin jirgi. Dodi Princess ake ce masa, hawa-hawa ne, sama akwai makaɗan highlife, matasa har sun fara rawa tun ba a kwance igiya ba. Ni da Baba muka gangaro ƙasa, gefen da ake jin motsin ruwa.

Ku dubi bayanmu. Wancan tulin duwatsu da aka jibge tsakanin tsaunuka biyu, shi ne madatsar Akosombo. An gama ta a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Babban dalilin gina ta wutar da za a narka alminiyom da ita a Tema, garin da ke kusa da Akra, kuma har yau wani kaso na wutar da muke kunna fanka da ita a Nima daga nan yake fitowa. Ruwan da ta tare ya malale wajen murabba'in kilomita 8,500. Waɗancan da'irori da ke shawagi kuwa kejin kiwon karfasa ne, irin wadda ake gasa mana da banku, tuwon nan na ƙullun masara mai tsami.

Mun yi nisa sai Baba ya taɓa ni. "Ɗana, ajiye na'urar nan tukuna. Ka san abin da muke takawa?"

Na ce ruwa, Baba.

"Gonaki ne, da kasuwanni, da makabartu."

Gaskiyarsa. Mutum kusan 80,000 aka tasa lokacin da ruwa ya hau, aka zuba su a sababbin garuruwa 52. Cikin waɗanda ruwa ya ci har da tsohuwar Kete, can arewa da nan sosai. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake Hausawa suka kwashe zuwa Kete, ta zama babban zango, goro na fita, shanu da tufafi na shigowa. A can Alhaji Umaru Krachi, babban malamin nan ɗan Kano, ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Kete Krachi ta yanzu sabuwa ce, a kan tudu aka sake ta. Baba ya ce mahaifinsa har ya bar duniya in ya ce "gida", tsohuwar yake nufi. Ni da na zo ɗaukar hoton ruwa mai kyau, sai jikina ya yi sanyi.

Kun ga waɗancan baƙaƙen kututture da suka leƙo? Bishiyoyin da ba a sare ba ne kafin ruwa ya cika. Su ne mugun abu a tafkin nan, kwale-kwale da yawa sun kife a kansu, musamman in an yi lodi fiye da kima. Duk wanda aka miƙa wa rigar ruwa, ya sa, ba ƙauyanci ba ne.

Sai da rana ta take muka iso. Dodi ƙoƙuwar tsauni ce da ruwa bai kai ba, shi ya sa da ka sauka sai hawa. A bakin gaɓa ana tarbar baƙi da ganguna, yara na rawa, ana ɗan ba su na goro. Yawancin fasinjoji nan suke tsayawa. Mu muka bi wata siririyar hanya cikin gonar rogo, kafin ka ce me, kiɗan ya koma baya, sai kukan tsuntsaye da na awaki. Ku duba wannan bawan Allah: ya saƙale raga a babban yatsan ƙafarsa, zare a baki, yana ɗinke inda kututture ya yaga. Ko ɗago kai bai yi ba sai da muka gaishe shi. Na nemi izini kafin na ɗauka, don nan gidan mutane ne, kuma ba na son ɗabi'ar masu cusa wa talaka kyamara a fuska.

Mai neman farin yashi da inuwar kwakwa, garin Ada da ke bakin teku ya fi masa. Nan ƙauyen masunta ne, kuma lokacin da ake ba ku gajere ne. Kar ruwan ya ruɗe ku ku faɗa wanka, akwai tsargiya a gaɓar tafkin nan. Mu da ruwan gora muka yi alwala, muka haɗa Azahar da La'asar a gindin bishiya, tunda matafiya ne.

Wannan ƙahon jirgi ne, kira na biyu ke nan. Baba kuwa yana can yana cinikin banda, shi ba yaren Ewe ba, mai kifin ba Hausa ba, da yatsu ake ta fama. Baba, don Allah a biya ta haka nan, in jirgin nan ya tashi sai dai mu kwana! Jama'a bari in je in karɓo masa kayan, sauran sai mun hau.