Sauyin jirgi a hanya: tambayar da za ka yi tun kafin ka biya kuɗin tikiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya tashi daga filin jirgin Hassan Djamous na Njamena, ko ya tsallako gada daga Kusuri, ko ya taso daga Garwa ya bi ta Duwala, yana nufin Dubai ko Jidda ko Guangzhou, yawanci sai an sauke shi a hanya ya sauya jirgi: Adis Ababa, Alƙahira ko Istanbul. Shi ne abin da muke ce wa eskal. A nan ne cikin mutane ke ɗurar ruwa, musamman iyayenmu masu zuwa Umra karon farko.

Alhaji, Hajiya, kafin kuɗi su bar hannu, a tambayi mai sayar da tikiti abu ɗaya: tafiyar nan tikiti ɗaya ce ko biyu? Duba takardar. Akwai lambar ajiye kujera mai haruffa da alƙaluma 6. Idan lamba ɗaya ce ta ɗauke ka daga Njamena har inda za ka, to idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin yana wuyan kamfani, shi zai sa ka a jirgi na gaba ba tare da ka ƙara ko sefa ɗaya ba. Idan kuwa tikiti biyu aka haɗa maka don ya fi araha, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsa ba ka zo ba ne kawai, kuma sau da yawa har tikitin dawowarka sai ya soke. Wannan ya fi shafar mutanen Garwa da Marwa, masu sayen tikitin cikin gida daban, na waje daban. Ni dai shawarata, ka isa Duwala ko Yawunde kwana ɗaya kafin tafiya. Kuɗin masauki na dare guda bai kai na sabon tikiti ba.

Wurin auna kaya, karanta takardar da aka liƙa wa akwatinka. Haruffa 3 ne: DXB Dubai, JED Jidda, CAN Guangzhou. Idan ka ga ADD kaɗai, babu haruffan garin da za ka, alhali Adis wucewa kawai za ka yi, yi magana nan take. Ƙaramar takardar da za su miƙo maka kuma ka adana ta kamar fasfo, ita ce shaidarka in kaya sun ɓata.

Sai agogo, wanda ya fi komai cin mutane. Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake tsaye ne. Adis Ababa da Istanbul da Jidda suna gaban Chadi da Kamaru da awa 2, Dubai da awa 3. Mutum ya sauka, agogon hannunsa yana kan lokacin gida, ya zauna shan shayi yana ganin da sauran lokaci, jirgi kuwa ana ta shiga. A Habasha akwai ƙarin abu: mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, tsakanin lissafinsu da lokacin da ke kan tikiti awa 6 ne. Saboda haka agogon allon filin jirgi shi ne naka.

Da ka sauka, kada ka bi ayarin masu fita gari. Bi allon da aka rubuta Transfer. Za a iya sake bincike, ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 a jakar hannu za su karɓe. Nemi lambar jirginka a kan allo, don sunan gari kaɗai bai isa ba, jirage biyu suna iya zuwa gari ɗaya. Je ka ga ƙofarka da idonka tukuna, sannan salla da abinci. Manyan filayen nan suna da wurin salla. Filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa a 2019, tafiya ce ta gaske daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma ana rufe ƙofa kamar minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Dattijon da ƙafa ke damunsa, a nema masa keken guragu tun ranar sayen tikiti, kyauta ne, ba kuma abin kunya ba ne.

To idan an makara fa? Tun a cikin jirgi nuna wa ma'aikata takardar shiga jirginka na biyu. Idan ya riga ya tafi, wuce kai tsaye teburin kamfanin da ke ciki, ka nemi sabuwar takardar shiga, ka tambayi inda kayanka suke, sannan abinci da masauki idan kwana ya kama. Yi magana da sanyin murya, amma kada ka tashi sai da takarda a hannu. Wanda ya taso daga ƙasashen Tarayyar Turai, ko ya nufe su a jirgin kamfaninsu, dokarsu ta 2004 ta ba shi diyyar yuro 250 zuwa 600 idan ya isa a makare da awa 3 ko fiye, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Mai bi ta Faris kuma ya binciki bizar wucewa tun daga gida.

Idan ka isa akwati bai iso ba, cika takardar ƙorafi kafin ka fita daga zauren kaya. Don irin wannan ranar ne magani, katin allurar shawara, cajar waya da riga ɗaya ta canji suke zama a jakar hannu, tare da harami ga mai niyyar Umra.