Idan Na'urar Hana Sata ta Hana Mai Mota Tashi: Lacca ga Makanikai da Direbobi a Garwa

Assalamu alaikum. Iyayena masu gareji, 'yan'uwana direbobi, da ƙannenmu masu koyon sana'a, na gode da kuka ajiye sifana kuka zo. Maganarmu a yau ita ce na'urar da mu a nan muke kira antidemaraj, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke kira imobilaiza, wadda aka sa wa mota don ta ƙi ɓarawo, amma wata rana sai ta ƙi mai ita.

Bari in fara da yadda take aiki, domin wanda bai san wannan ba zai yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau. A cikin baƙin robar kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, kuma ba ta da batir. A bakin ramin kontak, wato inda ake sa makulli a tayar da mota, akwai zoben siririyar waya. Idan an murɗa makulli, zoben ne yake ba ƙwayar ƙarfi ta iska, ita kuma ta mayar da lambarta ta sirri. Idan lambar ta dace da wadda ke ajiye a ƙwaƙwalwar mota, a saki mai, idan ba ta dace ba, a riƙe shi. Jamus da Ingila sun wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci tun 1998, shi ya sa tsofaffin motocin Turai da ke shigo mana ta tashar Duwala da wuya ka sami wadda ba ta da ita, alhali wasu tsofaffin Hilux da Land Cruiser da aka ƙera don kasuwanninmu makullinsu ƙarfe ne zalla.

Abu na farko shi ne a tabbatar ita ce mai laifin. A Toyota, 'yar jar fitilar tsaro tana ƙyaftawa idan an zare makulli, tana kuma mutuwa da zarar an sa makullin da mota ta sani. Idan ka sa makulli ta ci gaba da ƙyaftawa, injin yana juyawa amma ba ya kamawa, to mota ba ta gane makullin ba. Idan kuwa fitilar ta mutu, ka bar antidemaraj ya huta, ka je ka nemi matsalarka a wajen mai ko sitata.

Sai batir, kuma a nan zan daɗe, domin yawancin abin da ake kawo mini da sunan antidemaraj ciwon batir ne. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, wanda ya sauko zuwa 12 kuwa ya yi nisa da zubewa, sannan lokacin da sitata take ja bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Zafinmu na Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, yana shanye ruwan batir yana rage masa kwana, kuma idan wuta ta yi rauni ƙwaƙwalwa tana iya kasa karanta makullin da ta shekara tana karantawa. Ku duba kan batir, ku kankare farin garin nan da ke taruwa, ku ɗaure da kyau, ku duba fiyus, kafin ku taɓa komai.

Bayan batir sai makullin kansa. Kwanakin baya an kira ni wajen wata a-kori-kura da ta yi lodin albasa daga Marwa za ta Ngaundere, ta kwana a nan ta ƙi tashi, har wani ya riga ya ɓalle robar ƙarƙashin sitiyari yana shirin yanka wayoyi. Da na karɓi makullin sai na ga sabo ne fil, ƙarfensa yana sheƙi. Ashe yaron mota ya karya na asali wajen buɗe gwangwani, ya ji tsoron ubangidansa, ya ruga kasuwa aka yanka masa irinsa. Makullin yana buɗe ƙofa, yana murɗa kontak, amma babu ƙwaya a cikinsa. Muka sa ya kawo guntun tsohon daga aljihunsa, na manna kansa a jikin zoben bakin kontak, aka murɗa sabon, mota ta tashi. Haka nan makullai biyu masu ƙwaya da aka rataye tare suna iya rikita karatun, don haka ku raba su ku sake gwadawa. A mota mai maɓallin tayarwa kuma, idan batirin rimot ya mutu, a kanga rimot ɗin a jikin maɓallin sannan a danna.

Yanzu ga dabarar minti goma da matasanmu suke gani a intanet. Gaskiya ce, amma ta motocin General Motors ce masu tsarin hana sata da ake kira Passlock, irin su Chevrolet Silverado ta 1999 zuwa 2006. Ana murɗa makulli kamar za a tayar, a sake shi a kan kontak, a jira kusan minti 10 har fitilar tsaro ta mutu, a kashe na 'yan daƙiƙoƙi, a maimaita har sau uku, sannan a tayar. Wannan ba ya aiki a Hilux, kuma na ga wanda ya ƙarasa kashe batirinsa yana jiran abin da ba zai zo ba. Cire kan batir ma ba ya goge lambar makulli. Iyakarsa ya farfaɗo da ƙwaƙwalwar da ta rikice, ko ya kwantar da ƙararrawa. A Ford mai tsarin hana sata da ake kira PATS, wanda ya fara fitowa a 1996, mai makullai biyu masu rajista yana iya ƙara na uku da kansa a motoci da yawa, amma wanda ya rasa duka, a Ford ko a Toyota, sai an jona kwamfutar bincike, wadda muke kira valis, a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Kada ku manta da abin da aka ƙara wa mota daga baya. Tun zamanin da zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, suka addabi hanyoyinmu, mutane da ƙungiyoyi suke sa ƙararrawa da na'urar bin sawu mai yanke mai daga nesa, kuma sau da yawa an haɗa wayoyin da murɗawa da salatif kawai, gargadar hanya ta sassauta su. Ku tambayi mai mota ko an taɓa sa mata irin wannan.

Game da masu cewa a cire antidemaraj gaba ɗaya, ni ba na yi, domin kuɗin makulli na biyu bai kai ko kusa da kuɗin mota ba. Kuma duk wanda ya zo muku ya ce makullansa duka sun ɓace, ku nemi takardun motar da katin shaidarsa, ku gwada lambar shasi da wadda ke rubuce, kafin ku jona valis. Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.