Agogon Kashe Inji: Wace Mota Ce Ke Buƙatarsa?

An gabatar da wannan lacca a Zariya, a gaban direbobi da makanikai da ɗalibai. Daga faifan da aka ɗauka aka rubuto ta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena shugabannin direbobi, iyayen gidana na gareji, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

A 'yan makonnin nan mutum uku sun same ni da tambaya iri ɗaya, kan wani ɗan akwati da rewaya ke ɗaura wa mota, wato agogon kashe inji: shin motarsu na buƙatarsa? Ka zare makulli ka fita, inji ya ci gaba da aiki a sulo na minti ɗaya zuwa uku, sannan ya mutu da kansa. Biyu daga cikinsu Corolla gare su, ɗaya Hilux mai shan gas. Amsar da na ba su ba iri ɗaya ba ce, kuma dalilin bambancin nake so mu tattauna. Dalilin kuwa turbo ce: wata mota na da ita, wata ba ta da ita.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyu kuma ta cusa iska cikin injin da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar ta tsufa: wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta tun 1905, kuma a 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka. To ku lura da nan. Kana kan titin Kano injinka na juyawa wajen sau 3,000 a minti, amma sandar turbo tana iya haura 150,000. Hayaƙin da ke dukanta a injin fetur, in an taka sosai, yakan kai digiri 900. Da dare, in ka buɗe bonet bayan doguwar taka, wani lokaci har ja za ka ga ƙarfen ya yi. Kuma wannan sanda ba a kan komai take yawo ba sai siririn baƙin mai da famfon inji ke turo mata. Man nan shi ke sa santsi, shi ke kwashe zafi.

Kowa a nan ya san tukunyar tuwo. Muddin uwar gida tana tuƙi, ƙasan tukunya lafiya lau. Ta ajiye muciya alhali garwashi na nan da ƙarfinsa, me za a samu? Ƙanzo. Haka turbo take. Ka kashe inji, famfo ya tsaya, mai ya daina zagayawa, amma zafin da ƙarfen ya tara bai je ko'ina ba. Sai ya gangaro tsakiya ya toya ɗan man da ya rage a kan boris, wato mazaunin da sandar ke juyawa a cikinsa.

Na ga wannan da idona. Wata Hilux aka kawo mana, tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana cin baƙin mai kamar ana zubarwa. Da muka sauke turbo muka buɗe, bututun da ke kai mai ya kusa toshewa da wani baƙin abu mai tauri, sai da muka sa tsinken ƙarfe muna ɓanɓarowa, yana zuba a kan tire kamar garin gawayi. Na kama sandar da yatsa biyu, tana girgiza kamar haƙorin da ya kusa fita. Na tambayi direban yadda yake tuƙi. Ya ce, "Oga, kullum Kaduna nake zuwa da kaya. In na ga gidan mai sai in sauka daga titi in kashe." Bawan Allah bai yi da mugunta ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin gyaran daga albashinsa aka ce za a cire.

Don maganin wannan aka yi agogon. Kamfanonin Japan irin su HKS da GReddy sun yi suna da shi, a zamanin da turbo da yawa mai kaɗai ke sanyaya su, man kuma bai kai na yanzu juriya ba. A lokacin yana da hujja.

Yau abubuwa sun sauya. Yawancin turbo na ƙananan motocin fetur ruwan lagireto na ratsa su, kuma an tsara bututun yadda ruwan zai ci gaba da zagayawa a hankali ko inji a kashe, saboda ruwa mai zafi na hawa sama, ruwa mai sanyi na maye gurbinsa. Wasu motocin Jamus ma, irin Volkswagen da Audi da BMW, suna da ƙaramin famfo na lantarki da ke ci gaba da tura ruwan bayan an kashe inji. Shi ne ƙugin nan da kake ji bayan ka kulle mota, har wasu su ɗauka batir ake sha, su sa a cire. Don Allah kada a cire. Agogon da kake nema ne kamfani ya riga ya saka maka, kuma shi ba ya ƙona fetur.

Duk da haka ban ce a daina jira ba. Ku duba littafin da ke zuwa da motocin Toyota masu gas da turbo. Ya ce tuƙin cikin gari ba ya buƙatar jira. In ka yi gudun kilomita 100 a awa, ka ba ta kamar minti ɗaya. In hawan dutse ne ko doguwar taka fiye da haka, kamar minti biyu. Mu kawo shi gida. Ka taso daga Kano, ka sauka a Kwangila, ka bi cunkoson PZ a hankali har Sabon Gari. Kafin ka kai ƙofar gida turbo ta riga ta huce, kashe abarka. Inda haɗarin yake shi ne tsayawar bakin babban titi: ka ratse don sallah a wajen Jaji, ko ka faɗa gidan mai a Ɗan Magaji kai tsaye daga gudu. A nan ake so ka dakata. Kuma a nan kana zaune a kujerarka, hannunka na kan makulli. Kafin ka ja hambirki, ka ɗauki hularka, ka duba waya, minti ɗaya ya cika.

Masu Corolla da Camry da Golf da Peugeot 406 na fetur, waɗanda ba su da turbo, maganarku gajeriya ce. Babu abin da agogon zai kare a injinku. Babu sandar da ke gudun 150,000, babu boris da ke zaune cikin wutar salansa. Fetur kawai za ku ƙona, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san ciwon lita. In allurar zafi na hawa a watan Afrilu, ku duba lagireto da fanka da famfon ruwa, can matsalar take.

Sannan akwai abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Kafin a ɗaura agogon sai an yanka wayoyin makulli, kuma a motocin zamani yakan yi karo da na'urar hana sata. Mota mai giyar hannu dole ka bar ta a firi, hambirki kaɗai ke riƙe da ita, ga yara na wasa a ƙofar gida. Mafi muni, ka shigar da ita garejin cikin gida, ka ja ƙofa, inji na aiki. Hayaƙin nan shi ne dai na janareta da muke jin ya hallaka iyali guda cikin dare.

Alhaji a baya yana tambaya, to manyan motoci fa? Allah ya ƙara girma, tambayar ta yi. Tirela ko tanka da ta jawo lodi ta hau tudu, masu ƙera injinan irin Cummins suna cewa a bar ta a sulo minti 3 zuwa 5. In kana da motoci goma da direbobi goma, ba ka tare da su a hanya, ko tsohuwar turbo ce da mai kaɗai ke sanyaya ta, a nan agogon na iya biyan kuɗinsa, kuma ba zan hana ka ba. Amma Alhaji, kafin ka saya, ka fara tambayar wane mai ake juyewa a motocinka. Yawancin turbo da suka mutu a hannuna, man kwalba na bakin titi ne ya kashe su, ko juyen da aka jinkirta, ko filtar iska da ƙurar hunturu ta cika har aka huda ta da ƙusa don mota ta ja. Ƙurar nan kai tsaye take zuwa kan fankar gaba, tana cin fikafikanta kamar an goga sanfefa. Na zo da guda ɗaya a cikin jaka, bayan sallar Magariba duk mai so ya zo ya taɓa bakin fikafikan da yatsansa.