Amsoshin Tambayoyinku: Sauka Daga Babbar A-kori-kura Zuwa Ƙarama

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. A wannan makon saƙonni huɗu muka ware, kuma galibinsu a kan magana ɗaya suke kewayawa, wato mutumin da ke da babbar motar a-kori-kura, irin su Toyota Tundra ko Ford F-150, yana tunanin rabuwa da ita ya koma ƙarama. Sai a gyara zama.

Saƙon farko daga wani Alhaji ne, manomi a jihar Kaduna. Ya ce: "Ina da Tundra ƙirar 2012 mai fulogi takwas, 'yar Kwatano, na saye ta lokacin da mai ke da araha. Da ita nake kai taki gona, da kaka in kwaso masara. Yanzu shan man da take yi ya fi ƙarfina. Ɗana ya nuna mini wata ƙarama a waya, Ford Maverick, ya ce a Amurka mutane suna ajiye manya suna komawa kanta. In sayar da tawa in yi odar irinta?"

To Alhaji, Allah ya ba ka nasara, kukanka a kan hanya yake. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Tundra irin taka, musamman mai babban inji na lita 5.7, abin da take yi da lita guda bai wuce kilomita 6 ba, in a cikin gari ne ma bai kai ba. Ke nan tafiyar kilomita 300 za ta lashe maka lita 50. Maverick mai haɗa fetur da batir, bisa awon hukumar kula da muhalli ta Amurka, tana yin kilomita 15 zuwa 16 da lita guda, wato wannan tafiyar dai da kimanin lita 20. A nan ɗanka bai yi ƙarya ba.

Amma kafin ka kira dillali, bari mu leƙa ƙarƙashin motar. Tundra da Hilux gininsu iri ɗaya ne: akwai doguwar shasi ta ƙarfe mai kama da tsani, a kanta aka ɗora gidan direba da bodi, a baya kuma sifirin ne na falle-fallen ƙarfe da aka jera aka ɗaure. Shi ya sa za ka ga an labta musu kaya sun faɗa rami sun fito. Maverick ba haka take ba. Jikinta da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, domin a kan ginin Ford Escape aka yi ta. Nau'in mai batir ɗin ma, tun fitowarsa a 2021 har zuwa ƙirar 2024, tayoyin gaba kaɗai ke ja. Ka tuna hanyar gonarka a watan Agusta, laka har gwiwa, ga buhunan taki a baya sun danne gindin mota sun ɗage gabanta, alhali gaban ne ke ja. Nan za ka kwana.

Sai batun nauyi. Kamfanin Ford ya ce Maverick tana ɗaukar kilo 680, kuma a cikin wannan lissafin har da kai direba da duk wanda ya shiga. Ka cire nauyinka da na yaron motarka, abin da ya rage buhun masara biyar ne mai kilo ɗari-ɗari, ko buhun taki goma. Bodinta kuwa tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba.

Ga wani abu da masu Tundra da yawa ba su lura da shi ba. Duk girman nan nata, yawancin masu ƙofa huɗu na shekarun taka nauyin da aka amince su ɗauka tsakanin kilo 600 ne zuwa 800. Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne, za ka ga adadin a rubuce. Ƙarfin Tundra a wajen ja yake. An ƙera ta ne don Ba'amurken da zai ɗaura mata tirelar dawaki ko kwale-kwale ko gidan tafi-da-gidanka mai nauyin tan huɗu ya kama babbar hanya. Kai kuma Alhaji ba ka ce kana jan komai ba. Ashe duk shekarun nan kana ciyar da fulogi takwas ne saboda aikin da ba ka sa ta. Ita kuwa Hilux, wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana ɗaukar kusan tan guda, gwargwadon nau'inta.

Don haka shawarata, ka sauka, amma matakala ɗaya za ka sauka, kada ka yi tsalle biyu. Nemi Hilux mai fulogi huɗu, ko wata sa'arta irin su Mitsubishi L200 ko Isuzu D-Max. Hilux mai injin fetur na lita 2.7 za ta yi maka kilomita 8 zuwa 9 da lita guda in tana da lafiya. Bai kai na Maverick ba, amma tafiyar nan ta kilomita 300 ta dawo kimanin lita 35, kuma kayan da za ka ɗauka bai ragu ba. Sannan duk garejin da ka tsaya tsakanin Kaduna da Kano akwai bakaniken da ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ga su nan a Panteka da Ƙofar Ruwa. Maverick fa? Ranar da batirinta ko na'urar da ke sarrafa shi ta sami matsala, sai ka nemi mai kwamfutar da zai karanta ta, ka yi odar kaya daga waje da dala, motar tana ajiye ana jira, damina kuma ba ta jiran kowa.

Abu guda da ya kamata ka shirya masa shi ne ciko. Motoci masu shan mai sun yi kwantai a kasuwa, Hilux kuma tana riƙe farashinta ƙwarai, don haka da wuya kuɗin Tundra su saya maka Hilux mai kyau ba tare da ka ƙara ba. Ka zauna da biro da takarda, ka lissafa litar da kake sha a wata, ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku, ka ga wata nawa rarar za ta ɗauka kafin ta mayar maka da cikon. In kuma gonar kusa take, hanyar ba ta da laka sosai, kada ka raina 'yar Hijet ɗin nan ta Japan. Injinta cc 660 ne kacal, kuma a can ƙasarsu kilo 350 aka ƙayyade mata. In ka bi wannan ƙa'ida ka yi sawu biyu ko uku, za ta yi maka aiki. Masu labta mata buhu goma su ne kullum suke bakin gareji.

Saƙo na biyu ya zo ne daga wani ɗan'uwanmu mazaunin birnin Houston a jihar Texas. Ya ce yana da F-150, da ita yake zuwa aiki kullum shi kaɗai, sai jefi-jefi ya ɗauko kujeru ko katifa. Uwargida ta dame shi ya sayar ya ɗauki ƙarama, shi kuma yana jin kamar zubar da girma ne.

Malam, a wannan karon uwargida ce ke da gaskiya, kuma amsarka ta bambanta da ta Alhaji domin ƙasarku daban, hanyarku daban. Na san abin da kake ji. A Texas babbar a-kori-kura ado ce, kuma jerin motocin Ford F-Series su ne suka fi kowace a-kori-kura kasuwa a Amurka tun 1977. In ka tsaya a danja, dama da hagu duk manya ne. Sai dai su ba za su biya maka kuɗin mai da inshora da tayoyi ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Irinka aka yi wa Maverick. Ford ta daina sayar da ƙaramar a-kori-kurarta mai suna Ranger a Amurka bayan 2011, da ta dawo da ita a 2019 kuma ta riga ta girma ta zama matsakaiciya, sai aka bar giɓi a ƙasa. Shi Maverick ta cike da ta fito a 2021 a kan farashin da ya fara daga dala 19,995, ko da yake yanzu ya haura haka sosai. A shekarar ce kuma Hyundai ta fito da Santa Cruz, wadda ake haɗawa a jihar Alabama. Tsawon Maverick mita 5 ne da 'yan kai, F-150 mai ƙofa huɗu kuwa ta kusa mita 6. Wannan ratar za ka ji daɗinta duk ranar da za ka shiga garejin gida ko ka nemi wurin ajiye mota. Bodin Maverick gajere ne, amma murfin bayan yana tsayawa a rabi, ta yadda za ka shimfiɗa fallen katako mai ƙafa huɗu da takwas ka ɗaure shi.

Abubuwa biyu za ka tabbatar kafin ka sa hannu. In kana jan tirela, ka sani Maverick ta yau da kullum kilo 900 take ja, wadda aka ƙara wa kayan ja kuma kilo 1,800. Santa Cruz mai injin turbo tana kaiwa wajen kilo 2,200. In abin da kake ja ya wuce haka, zauna a kan babbarka ko ka duba Tacoma, matsakaiciyar a-kori-kura ta Toyota. Na biyu, ranar gwaji ka tafi da iyali gaba ɗaya, har da kujerun yara, ka ɗaura su a baya ka gani da idonka. Kujerar bayan F-150 falo ce, ta Maverick kuwa in yara sun fara tsawo za su yi ƙorafi. Ranar da babban kaya ya taso sau ɗaya ko biyu a shekara, motar haya tana nan, ka ɗauka na yini guda ka mayar.

Sai wata Hajiya daga Kano, ta ce maigidanta ya ƙi rabuwa da babbar motarsa, wai in an yi hatsari babbar ta fi tsare rai. Tana tambaya ko haka ne.

Hajiya, akwai gaskiya a maganarsa. In mota mai nauyi ta yi karo da marar nauyi, na cikin mai nauyin sun fi samun sauƙi. Amma akwai waɗanda ba sa cikin kowace mota, kuma a titunanmu su ne suka fi yawa: ɗan makaranta, mai talla, almajiri, mai babur. A 2023 wata cibiyar binciken hatsarin mota ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta gano cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40, wato kimanin mita guda, sun fi masu gajeren gaba mai gangara yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Gajeriyar mota ƙafa take duka, doguwa kuwa ƙirji da kai take samu, ta kuma tura mutum ƙarƙashinta. Ki roƙi maigidan naki ya zauna a kujerar direba, motar a kashe, ki tsayar da ƙaramin yaro dab da gabanta, ki tambaye shi ko yana hango kansa. A lungunan cikin gari, inda yara ke fitowa da gudu daga zaure, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ko babba ko ƙarama, bel da lafiyayyen burki da taya mai kyau da rage gudu su ne kan gaba wajen tsare rai.

Na ƙarshe wani ɗalibi ne daga Damagaram, yana tambaya me ya sa ba a ganin Hilux cikin motocin da ake kawowa daga Amurka, sai Tacoma da Tundra.

Ɗan'uwa, wani ɓangare na amsar yana komawa ga rikicin kaji. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai, musamman Faransa da Jamus ta Yamma, suka tsawwala haraji a kan naman kajin Amurka mai araha da ya cika musu kasuwa. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da ƙarin haraji a kan wasu kayayyaki, ciki har da na kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya, ya fara aiki a 1964. An janye na sauran kayan daga baya, na motocin kuwa yana nan. Wannan ya sa shigo da a-kori-kura daga Japan ko Tailan ba ya da riba, sai kamfanoni suka koma ƙera su a cikin Amurka. Toyota ta sayar da Hilux a Amurka shekaru da dama, amma a 1995 ta maye gurbinta da Tacoma, wadda aka tsara daidai da son Amurkawa, mai laushin tafiya a kan kwalta. Tundra ta biyo baya a 1999, yanzu kuma a San Antonio ta jihar Texas ake haɗa ta. Hilux ɗin da kake gani a Damagaram da Agadas ta wasu hanyoyin take zuwa, galibi daga masana'antun Tailan da Afirka ta Kudu, wasu kuma ta kasuwar Dubai.

Nan za mu dakata a wannan makon. Masu tambaya a kan mayar da mota amfani da iskar gas, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.