Amsoshin Tambayoyinku: Shafin da ya ƙi sunan Sa'adatu

Jama'a, lokaci ya ja, bari mu buɗe wasiƙu.

Wani ɗalibi daga Kawo yana tambaya ko tantancewar da ya sa a fom ɗin shafinsa na intanet da JavaScript, yaren shirya manhaja, ta wadatar. Ba ta wadatar ba, ƙanena. A wayar mai cikewa take aiki, kuma yana iya kashe ta. Ka sake tantancewa a saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta.

Sai wannan da ta zo mana daga Rigasa, Tudun Wada da Barnawa kusan iri ɗaya. Wata baiwar Allah ta haɗa wa makaranta shafin rajista da yaren PHP, ta ce da an rubuta Sa'adatu ko Mu'azu sai shafin ya cije. Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, 'yar'uwa, alamar nan da ke tsakiyar Sa'adatu, da ita SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, yake rufe zance. Ke kuma kin ɗauki abin da mutum ya rubuta kin manna shi cikin umarnin da kike aika wa rumbun bayanai. Sa'adatu ba ta nufe ki da sharri ba, amma ɓarawo zai rufe zancen da alamar, ya ɗora nasa umarnin, rumbun ya bi. Haka aka yi wa kamfanin TalkTalk a Ingila a 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, aka ci kamfanin tarar fam 400,000. Mu ma nan tun 2023 akwai dokar kare bayanai, wadda…

Injiniya, magani muke jira, agogo na kallonmu!

Injiniya: Ki yi amfani da PDO ko mysqli, kayan aikin da PHP ke magana da rumbun bayanai da su. Ki rubuta umarnin da alamar tambaya a gurbin sunan, ki tura shi, sannan ki tura sunan shi kaɗai.

Bari in maimaita. Umarni daban, abin da mutum ya cike daban. In kin raba su, duk abin da aka rubuta, rumbun zai ɗauke shi suna ne kawai. Umarni daban, suna daban.

Masu goge alamar daga sunayen yara don shafi ya tafi kuma, haba, ku daina don Allah. Kun ɓata wa yarinya suna a takardar sakamako, ƙofar kuma tana nan a buɗe, domin ta gurbin lamba ɓarawo ba ya ma buƙatar alamar.

Mai wasiƙa daga Kakuri da ke tambaya ko shafi zai iya shiga rumbun da asusun shugaba mai cikakken izini, a'a, kada shafinka ya shiga rumbun da asusun shugaba. Buɗe masa ƙarami mai iyakantaccen izini. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.